Yadda Ake Kayar da Gwanin Keke da Sikelin Auduga

Kai mai tumbi, matso kusa. Idan akwai wani siririn mutum da ke wuce ka a tseren keke duk shekara har ana yi maka dariya, kukanka ya ƙare. Bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari za ka kayar da shi ba tare da ka jiƙa riga da gumi ba. Ni Audi na Ƙanƙara na gwada su a shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka sauka, kuma sun yi aiki fiye da yadda na so.

Mataki na 1: Ka san wanda ya tsaya maka a wuya

Nawa Ɗanliti ne, mai facin taya, ƙanen matata Barakatu. Siriri ne kamar karan dawa. Shekara uku a jere yana cinye tseren Ƙanƙara zuwa Ƙetare, ni kuwa ina biye da shi, idan ka cire mutum bakwai da ke tsakaninmu. Sai aka yi shela cewa wanda ya ci na bana za a kai shi babban tsere a Kaduna. Ɗanliti bai taɓa wuce Funtuwa ba, ba shi da zance sai na Kaduna. Ni ma na ga babu wanda ya dace da Kaduna irina.

Mataki na 2: Rage masa nasarori a majalisa

Kada ka ce bai ci ba, mutane suna da ido. Bayani za ka yi wa kowace nasara. Ta farko, iska ce ta turo shi. Ta biyu, sarƙar gwanin Faskari ce ta zame. Ta uku kuwa, ka kalli ƙasa, ka ce, "Ni dai na ga wata babbar mota ta wuce, ban ce ya kama bayanta ba." Idan wani ya kawo hujja, ɗaga murya. Tun da nake ban taɓa ganin hujja ta ci gardama a gindin bishiyar bedi ba.

Mataki na 3: Ƙirƙiro doka, ka ce daga Turai take

Nemi tsohuwar jaridar Turanci ka maƙale a hammata. Ba sai ka iya karantawa ba, wanda za ka nuna wa ma bai iya ba. Haka na je wa Alhaji Mamuda, shugaban kwamitin tsere.

Na ce, "Allah shi ja kwana, Alhaji, a Turai ba a barin wanda bai kai kilo hamsin da biyar ba shi hau tsere."

Ya ce, "To don mi?"

Na ce, "Don kada iska ta ɗauke shi ta maka da ƙasa, a ce laihin kwamiti ne."

Jin an ambaci laifin kwamiti, Alhaji ya ce a rubuta.

Mataki na 4: Tsare hanyar kwano

A nan ne matarka za ta ci amanarka. Barakatu na jin dokar ta tashi haiƙan za ta yi kiwon ƙanenta cikin kwana goma: fura da kindirmo da safe, tuwo da man shanu da rana. Kada ka hana, za a gane ka. Ka ce don zumunci kai da kanka za ka riƙa kai masa. Tsakanin gidana da rumfarsa akwai inuwar tsamiya mai daɗin zama, kuma kwano yakan isa da sauƙin ɗauka.

Mataki na 5: Zaɓi sikelin da kanka

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Idan aka ce a je asibiti, ka ce ya yi nisa, ga sikelin kasuwar auduga nan kusa. Mai kula da namu Malam Nata'ala ne, shekara ashirin yana awon auduga, kuma duk abin da ya hau sikelinsa sai ya cire kilo biyu na nauyin buhu. Ba mugunta ba ce, bakinsa ne ya saba.

Ran awo Ɗanliti ya sha ruwa buta guda ya hau. Malam Nata'ala ya tura ƙarfe, ya leƙa ta saman tabarau.

Ya ce, "Hamsin da shidda. A cire biyu na buhu, hamsin da huɗu. Na gaba!"

Ɗanliti ya ce, "Malam, ai ni ba cikin buhu nike ba!"

Malam ya ce, "Kowa haka shike cewa nashi buhun ba shi da nauyi. Sabka."

Aka kai ƙara ga Alhaji Mamuda, ya ce shi ba zai koya wa mai sikeli aikinsa ba. Kai dai a nan sai ka girgiza kai, ka ce, "Kash, doka ba ta san suruki ba."

Mataki na 6: Ci tseren

Za ka tarar doka ta yi maka shara fiye da zato. Gwanayen keke duk sirara ne, don haka buhun Malam Nata'ala ya kwashe na Faskari da na Sabuwa gaba ɗaya. Muka rage mu uku: ni, da wani mahauci, da hedimastan Mairuwa da ya tsaya a hanya ya yi sallar walaha. Na shiga Ƙetare na ɗaya. Na saurari guɗar Barakatu, ban ji ba.

Mataki na 7: Kada ka bari ya raka ka tasha

A nan na yi kuskure, kai kada ka yi. Ran tafiya da safe na tarar da Ɗanliti a tasha, ya durƙusa gaban kekena da sifana da gwangwanin mai. Ya ɗaure sarƙa, ya gyara birki, ya goge hannu a wando.

Ya ce, "Yaya, in ka kai gangare kada ka taɓa birki, nauyinka shi za ya yi maka aiki. Sunan garinmu ne a bayanka."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

A Kaduna na tambayi inda ake awo, aka yi ta dariya. Babu sikeli, babu doka. Wanda ya ci ya fi Ɗanliti sirantaka, ni kuwa na iso ana kwashe kujeru. Da shekara ta zagayo kowa ya sayi babur, ba a sake yin tseren keke a garinmu ba.

Da na dawo daga Kaduna Ɗanliti ya zo yi mini sannu da zuwa. Na shirya amsoshi kala-kala a kan na nawa na zo, bai tambaya ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Yaya, wai da gaske ne titin can sumul shike, ba rami ko ɗaya? Yaya keke ke gudu a kai?"

Ni da ban taɓa rasa ta cewa a majalisa ba, kunya ta sa na tashi na shige ɗaki. Har yau ban ba shi amsa ba, shi kuma har yau bai je Kaduna ba.

Gargaɗi

Nasara na yi maka alkawari, kuma za ka samu. Abin da ya biyo bayanta babu ruwan Audi. Idan matarka ta daina sa maka man shanu a tuwo, ko ka ga kana sauya hanya don kada ka bi ta gaban rumfar mai faci, kada ka zo ƙofar gidana. Ni ma ta bayan kasuwa nake zagayawa.