Da Kayan Jere Na Tafi Kwaleji

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka shigar da ni kwaleji da guɗa ba. Ƙwarai kuwa, guɗa irin ta rakiyar amarya. Kuma kafin ku ɗora wa wani laifi, ni na jawo wa kaina, da bakina da wannan kan nawa mai tafiya yawo ya bar ni a zaune.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Na gama firamare a Malumfashi, inda nake zaune a hannun Gwaggo, yayar Babanmu, sai ga labari an ɗauke ni kwalejin horon malamai mata a birni. Hedimasta ya tara mu ya faɗi abin da za mu tanada: akwatin ƙarfe, bokiti, bargo, kwanon ci da cokali, sabulu da farin takalmi. Bawan Allah bai rage komai ba. Amma yana cewa can za mu riƙa kwana, sai hankalina ya tashi ya bar ni a kan benci, sauran bayanin duk ta bayan kunnena ya bi.

Dalili kuwa, a littafinmu na Turanci akwai hoton wata yarinya zaune a ɗakinta ita kaɗai. Ga taga da labule, ga teburi, ga madubi, har da kyanwa a kan gado. Ni da tun da aka haife ni ban taɓa kwana babu ƙafar wani yaro a haƙarƙarina ba, sai na yanke wa kaina cewa kowace 'yar kwaleji irin wannan ɗakin ake ba ta. Ba wanda ya gaya mini haka, ba kuma wanda ya ƙaryata, tunda ban tambayi kowa ba.

Na koma ƙauyenmu, can wajen Gozaki, ana tsakiyar tsinkar auduga. In an tara ta a bakin gona sai in faki ido in haye tulin in kwanta rigingine, ta haɗiye ni har kunne. Daga nan nake gina ɗakina a sararin sama. Tagar tana kallon gabas, rana tana shigowa a hankali ta cikin labule, ni kuma ina zaune da littafi, ƙawaye suna ƙwanƙwasa ƙofa ina cewa su shigo da Turanci. (Har sunan kyanwar na raɗa, amma wannan ba zan faɗa ba, ina da jikoki.) Na ba ƙanwata Ladi labari, ita kuwa Ladi ba ta iya riƙe magana ko na rabin wuni. Kafin mako ya zagayo duk matan ƙauye sun san gwamnati za ta ba ni ɗaki a birni, kuma kullum aka tambaye ni sai ɗakin ya ƙara faɗi.

To, ni ce 'yar fari. Saboda alkunya Inna ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata, in za ta aike ni sai ta ce wa Ladi ta gaya wa waccan. Na san haka ake yi a kowane gida, amma duk da haka na tashi da tambaya a raina, wai shin matar nan tana sona kuwa? Abin da kowa ya san tana so shi ne jerenta. Bangon ɗakinta tun daga ƙasa har kusa da rufi tasoshi ne da langa da fanteka da faya-fayai masu launi, waɗansu na aurenta, waɗansu ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli. Baƙuwa ba ta barin ƙauyen sai an kai ta ta gani.

Wata safiya na dawo daga rijiya na ji ƙarar kwanuka a ɗakinta. Na leƙa, sai na ga Inna a kan turmi tana sauke jeren tana miƙa wa Gwaggo, wadda ta rako ni ƙauye. Gwaggo tana ba ta haƙuri ta bar ko rabi, ta ƙi.

“Ina raye ba za a ce yarinya ta shiga ɗaki a birni bango tsirara ba,” in ji ta.

Na laɓe a bayan danga da tulu a kai, ruwa yana zubo mini a wuya, hawaye suna taya shi. Ran nan na sami amsar tambayata. Daɗi ya hana ni tunanin cewa duk wannan a kan hoton littafi ake yi.

Da Baba ya sayar da auduga ya ba mu kuɗin sayayya, ni da Gwaggo muka tafi kasuwar Funtua. Akwati da takalmi dai na saya, Allah ya taimake ni. Daga nan idona ya faɗa kan wani yadi mai hoton tsuntsaye, na ce wannan shi ne labulena, kuɗin bargo suka bi shi. Madubi mai jan baki ya cinye na bokiti. Mai shagon, wata Bayarabiya da ta saba sallamar 'yan makaranta, har ɗago bokitin ta yi tana kaɗa mini shi, ta ce 'yan kwaleji ba sa tafiya babu wannan. Na yatsina fuska na ce mata a tamu makarantar famfo a cikin ɗaki yake. (Allah ya jiƙan matar nan in ta rasu, kallon da ta yi mini sai daga baya na gane shi.)

Ranar tafiya mata suka rako ni da Gwaggo har bakin hanya da kwanduna, an naɗe kowace tasa da tsumma. Inna ba ta fito ba, amma na hango zanenta ta kafar danga. A bayan lori na zauna a kan akwatina, gonaki suna wucewa, kwanukan suna 'yar ƙara a hankali, ni kuma ina ta sake wa teburi wuri a ɗakina.

Tun daga ƙofar makaranta ya kamata jikina ya ba ni. Kowace yarinya akwati ɗaya a kai, bokiti a hannu. Mu kuwa Gwaggo ta ɗauko 'yan dako, suka yi layi a bayanmu da kwanduna. Aka nuna mana wani dogon gini. Muna isa bakin ƙofa Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye. Nan take kowace taga ta cika da kawuna.

Muka shiga. Zaure ne dogo, gadajen ƙarfe jere hagu da dama, kowanne da ɗan akwatin katako a gefensa. Gwaggo ta matso ta raɗa mini cewa an yi kuskure, asibiti aka kawo mu. Ni ko a lokacin ban fid da rai ba. Na hango wata ƙofa a can ƙarshe na ce lalle ɗakunan ta nan suke, na taka a hankali irin na masu ɗaki na buɗe ta. Tsintsiyoyi ne a ciki da wani tsohon kwando. Wata babbar ɗaliba ta kamo hannuna ta dawo da ni gaban wani gado, ta ce nan ne wurina. Tsakaninsa da na maƙwabciyata ko turmi ba zai zauna ba.

Da wata ce sai ta rufa mini asiri. Amma Gwaggo ta ce amana aka ba ta, jere aka ce ta yi, jere za ta yi. Ta ɗaure ɗankwali ta fara kwance kwanduna. Ta jera fanteka a ƙasa, ta ɗora langa, ta hau dakalin taga da tasoshi, da wuri ya ƙare ta ci iyakar maƙwabciya. 'Yan mata suka kewaye mu tsit, sai wata siririya ta rusuna cikin ladabi.

“Iya, sannu da aiki. Angon yaushe zai iso?”

Zauren ya ɗauka. Waɗansu har da faɗawa kan gado suna riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye rungume da madubi mai jan baki, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Garin juyawa in ɓoye fuska gwiwata ta taɓa jeren. Murfin wata langa ya sauka a kan gefensa ya kama hanya, yana gangarawa tsakanin gadaje yana ƙara, kowa yana binsa da ido, bai tsaya ba sai a ƙafar Baturiya shugabar makaranta, wadda guɗar ta fito da ita daga ofis. Ta sunkuya ta ɗauka ta tambaya na wace ne. Duk Turancin da na tanada a kan tulin auduga ya gudu, sai yatsa kawai na ɗaga.

Tare da ita akwai matar da ke kula da ɗakunan kwana, wadda kowa ke kira Mama. Ita ta fassara hukuncin: a mai da komai cikin kwanduna, Gwaggo ta koma da su gida. A nan ne kuka ya ƙwace mini, kuma wallahi ba dariyar ce ta sa ni ba. Inna na hango a raina, lori ya sauke kayan a bakin hanya, matan da suka yi rakiya suna kallo, a ce abin da ta cire daga bangonta an dawo mata da shi ba a so. Sau ɗaya Inna ta nuna tana sona, shi ne zan mai da mata a kwando.

Na bi Mama waje na durƙusa na faɗa mata komai, har hoton littafin. Ashe a Funtua aka haife ta, iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, ta san abin da jere yake a wurin mace. Ta daɗe tana kallona, ina ganin tana danne dariya. Daga bisani ta ce akwai lungu a ɗakin ajiyar katifu, kayan su zauna can har in gama. Da ta ji ba ni da bokiti sai ta bar mini fanteka guda. Gwaggo kuwa ta ce ita ba ta da damuwa, jere dai ta yi shi da hannunta, kuma ba wanda zai tambaye ta ko an kwashe.

Haka na fara karatu. Da safe kowa ta nufi famfo da bokiti, ni da fanteka mai furanni a kai. Sanyi ya sauko, kowa ta ja bargo, ni na lulluɓa da labule mai tsuntsaye ina makyarkyata. Sunan Amarya ya bi ni har malamai suka ɗauka, akwai waɗanda muka gama tare ba su san sunana na yanka ba.

Hutun farko na shiga gaida Inna na ga bangon. Babu komai sai zagayen tabo inda kowace tasa ta taɓa zama. Mata suka cika tsakar gida a ba su labarin ɗaki, ni kuma na buɗe baki na ba su wanda na gina a kan auduga, da tagarsa da labulensa. Inna tana gefe ta ba mu baya tana tankaɗe, kamar ba ta ji. Amma da na zo inda rana take shigowa da safe ta haske tasoshin, sai na ji hannunta ya tsaya. Kowane hutu sai na sake ba da labarin nan, kowane hutu kuma sai hannun ya tsaya a daidai wurin. Na san ƙarya nake yi, amma ban iya fasawa ba.

Da na gama aka turo ni koyarwa Malumfashi, aka ba ni ɗaki, nawa ni kaɗai, da 'yar taga wadda kai ba zai shiga ba. Na karɓo kwandunan daga wurin Mama, na wanke komai da toka, na yi jere iyakar iyawata. Ranar kasuwa Inna ta zo ita da Ladi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bangon. Sai ta juyo ta dube ni, ni ɗin, ido cikin ido, ba ta bi ta kan Ladi ba.

“Ke, haka kika jera su a birni duk shekarun nan? Tasa a cikin langa, faifai a kife? Haka mutane suka yi ta gani?”

Na sunkuyar da kai na ce e.

Ta ce na ba ta kunya. Ta gyara ɗaurin zane, ta sa Ladi ta jawo mata kujera, ta sauke komai ta fara daga farko. Har la'asar tana jerawa ina miƙa mata, tana yi mini faɗa a kan kowace tasa, ni kuwa ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Har ta koma ga Allah ban gaya mata a ɗakin katifu kayan suka yi zamansu ba.

Yanzu in jikokina za su makarantar kwana nakan ce su nemi wanda ya taɓa kwana a wurin su tambaye shi, kada su sayi labule kafin su san ko suna da taga. Sukan ce Hajiya ta cika wa'azi. Abin da ba na gaya musu shi ne, da na yi tambayar nan da nake sa su yi, da na tafi da bokitina lafiya lau kamar kowa, da kuma har yau ban san kalar idon uwata ba.