Bututun Hayaƙin Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa kaina wanka da maiƙo a gaban surukaina. Ni mai walda ne a wani ƙauye kusa da Minjibir. Lokacin ina neman auren Hadiza, mahaifinta Malam Sale kuwa bai gama yarda da ni ba. Mahaifiyarta, Inna Kande, tana da shagon abinci a bakin tasha, inda hayaƙin suyar kaji da awara yake korar masu ci. Sai na ce ga hanyar shiga gidan ta samu, zan ƙera mata bututun fitar da hayaƙi.

Don a san an yi suruki, na yanka duro-duro na haɗa bututun da ƙato zai iya rarrafe a ciki, na maƙala masa 'yar fanka (ta tsohuwar mota ce, amma na yi mata fenti). Abin da ban hango ba shi ne, in faɗin bututu ya fi ƙarfin fanka, iska tafiyar hawainiya take yi. Maiƙon da ya kamata ta kwasa ta yi waje da shi sai ya samu wurin kwanciya.

Ba a jima ba Inna Kande ta ga yana ɗiga. Amma ina matar da za ta dubi mai neman 'yarta ta kushe aikinsa? Sai ta tara kwano a ƙasa, in ta hango ni ta ɗauke, ta ja mayafi ta sa mini albarka. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Wata Juma'a Malam Sale ya zo da ƙannensa su ga aikin. Na sha farar shadda, na tsaya daidai ƙarƙashin bututun.

"Baba, wannan har jikoki sai sun gaje shi," na ce, na ɗaga hannu na buga shi da ƙarfi.

Mahaɗar bututun ta buɗe. Baƙin maiƙo mai ɗumi ya sauko mini tun daga hula har takalmi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Sale ya dube ni ya ce, "Gara da ya sauka a kanka, da wuta ce ta same shi da ba mu nan. Ka gyara, sannan ka turo manyanka."

Yanzu kowane bututu sai na daidaita faɗinsa da ƙarfin fankarsa, iska ta riƙa gudu. In kuwa surukata ta yaba aikina, Hadiza nake aikawa ta jiyo mini gaskiyar.