Shekarau da Ƙofarsa a Kasuwar Injuna

Mijin ƙanwata Ladidi, Shekarau, mutum ne da in ka ce masa zauna nan, sai ka dawo baɗi ka tarar da shi. Gidansa daga shi sai Ladidi sai awaki huɗu. Da girma ya zo masa sai sha'awar injin sassaƙar ƙarfe ta kama shi, ɗan ƙarami, wai ya riƙa fere kusoshi yana jin daɗi. Wa zai tambaya in ba ni ba, Nomau, da duk garin nan aka sani da sanin inji? Ina kuwa da wani tsohon inji irinsa a zaure, shekara ashirin ina goge shi ana kallo. Na ƙudura sai ya gaji da yawo in sayar masa da shi.

Wata rana na ce, "Kada ka sayi injin da ba zai shiga ƙofarka ba." Ashe sai ya ɓalle ƙofar ɗakin har da katakon jikinta, ya ɗora a ka, ya hau motar Kano. Kowane shago ya jingina ta ya gwada. Aka tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce, "Yaya Nomau, ai kun san shi." Awaki kuwa suka shiga suka gama da dusa da rabin gero. Ladidi ta zo har gida: "Yaya, kai za ka tsaya mana a bakin ɗakin?"

Wata rana kuma na ce, "Injin kirki nauyi gare shi. Wanda ka iya ɗagawa, bar musu kayansu." Ya koma ya bi injuna ɗaya ɗaya yana runguma yana nishi, masu shaguna na biye da shi suna tafi. Ya dawo a karkace, kwana shida Ladidi na gasa masa baya. Har yau in na shiga kasuwar sai wani ya ce, "Malam, zo ka ɗaga wannan."

Wata rana, baki ya ja ni a majalisa, Shekarau na ji, na ce, "Mai hankali ba ya saye sai mai injin ya kunna ya yi aiki a gaban shaidu." Na manta na faɗa. Da na ga ya gaji da yawo ya nuna, na ce, "To, saboda Ladidi, sayi nawa."

Sai ga shi da hantsi, ƙofa a ka, da aron janareta, da dattawan majalisa tara har da liman. Ya gwada ƙofa, injin zai shiga. Ya rungumi inji, bai ɗagu ba. Ya ce, "Saura kunnawa, Yaya."

Jama'a, ban taɓa kunna shi ba. Ban san ma ta ina ake farawa ba. Na danna abin da hannuna ya samu. Injin ya yi tari, ya hau rawa, ya cafki hannun babbar rigata ya nannaɗe ta har wuya. Da kyar na zame, na tsaya daga ni sai singileti, tumbi waje. Liman ya kau da kai.

Shekarau ya sayo nasa a Kano, lafiyayye. Shekaranjiya ya tare ni a bainar jama'a, ya riƙe hannuna biyu, idonsa har da ƙwalla.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. Ba don shawararka ba, da naka na saya."