Ranar da Na Saki Hannun Baba Saje

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na saki hannun Baba Saje a bainar jama'a ba.

Baba Saje shi ne mahaifin Hajara, wadda nake nema da aure a lokacin. Tsohon soja ne, yana zaune a Sabon Gari nan Minna. Idanunsa sun dushe, ƙafarsa ta hagu kuma ba ta ɗaukarsa sai da sanda da mai riƙewa. Ni kuwa malamin makaranta ne a Limawa, kuma Allah ya hore mini baki. Duk zuwan da zan yi gaisuwa sai na ce, "Ai Baba, ba don Inna ta hana ba, da yanzu ina cikin kaki." (Inna, wato mahaifiyata, ba ta taɓa jin wannan zance ba.) Shi dai sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla."

Mutanen garinsu, wani ƙaramin gari a hanyar Wushishi, suka yi karo-karo suka gina bango a gaban firamare, aka rubuta sunayen 'ya'yan garin da suka rasu a bakin aiki: sojoji, 'yan kwana-kwana da direbobin motar asibiti. A cikin sunayen akwai na Bello, babban ɗan Baba, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba. Da ranar buɗewa ta zo, ƙanen Hajara da ya saba riƙe Baba yana makaranta, sai ta kira ni gefe.

"Malam, amana ce zan ba ka. Ƙafar nan ba ta da tabbas. Don Allah kada ka saki hannunsa."

Na bugi ƙirji na ce, "Haba Hajara, ni kike faɗa wa?"

Na sha farar shadda, na kafa hula, muka kama hanya. Mun tarar da fili ya cika. Ga tsofaffin sojoji da lambobin yabo a ƙirjin kakin da ya koɗe, ga tsofaffin 'yan kwana-kwana, ga matan da aka bari da marayu sun jeru a ƙarƙashin rumfa. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon. Baba ya matse hannuna ya ce, "Kai ni wurin yaron." Na kai shi, na ɗora yatsansa a kan sunan Bello. Ya riƙa shafa haruffan a hankali.

Daga nan aka busa begila, fili ya yi tsit. An ce mai gabatarwa ya sanar cewa sojoji za su harba bindiga sama don girmamawa. Kowa ya ji, ban da ni. Ni a lokacin ina can ina satar kallon rumfar mata, in ga ko Hajara ta lura da yadda tsayuwar ta yi mini kyau.

Sai ji na yi, "Tau!"

Jama'a, ku yi mini adalci, a jihar nan tamu kun san abin da ƙarar bindiga take nufi. Ban yi shawara da ƙafafuna ba. Na dai ji wata murya siririya, wadda daga baya aka tabbatar mini tawa ce, tana ihu: "Sun zo! Sun zo!" Na watsar da hannun Baba, na tsallake furannin da aka ajiye, na yi fatali da kujerun roba. Wasu mata da yara suka zabura za su bi ni, da suka ga sojoji na tsaye ƙyam sai suka koma. Ni kaɗai na ci gaba. Harbi na biyu ya same ni a bakin kwalbatin bayan makaranta, na faɗa ciki da ka, ƙafata ta gurɗe.

Ina kwance cikin taɓo ina salati, na ga wata fuska ta leƙo. Wani dattijo ne mutumin Bida, Baba Ndagi, tsohon ɗan kwana-kwana. Ya ce da irin Hausarsa, "Malam, fito, yaƙi ta ƙare." Na kasa tashi. Shi da abokan aikinsa suka ciccibo ni kamar buhun masara, wani tsohon direban motar asibiti ya ɗaure mini ƙafa da rawaninsa. Wato mutanen da aka taru a karrama, sai da na sa su aiki a ranar. Dariya kuwa har da masu riƙe ciki.

Da a ce dariyar ce kawai, da sauƙi. Da suka zagayo da ni gaban fili, na hango Baba Saje a inda na bar shi. Sandarsa ta faɗi ƙasa. Hannunsa ɗaya yana dafe da sunan ɗansa, ɗayan yana sarawa, ƙafar nan tana rawa. Wata tsohuwa da mijinta ke cikin sunayen ita ce ta taso ta tallafe shi. Hajara ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Wallahi na gwammace a mayar da ni kwalbatin.

Haka muka dawo Minna. Na ɓuya a ɗaki ina jinyar ƙafa, wayar Hajara kuma ta daina shiga. Inna ce ta kore ni da faɗa, ta ce in je in ba da haƙuri ko ta je da kanta.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ku yafe mini. Na ji kunya."

Ya ce, "Gudun bai dame ni ba. Ranar da na fara jin harbi a daji, sai da aka ɓamɓare ni daga jikin bishiya. Tsoro na kowa ne. Amma ni bango ya tare ni. Idan na ba ka 'yata, wani abu ya taso, me zai tare ta?"

Na sake ba shi haƙuri. Ya ce to in riƙa zuwa ina kai shi asibiti gashin ƙafa, zai gani. Haka na yi ta jigilarsa a keke-napep har damina ta wuce. Ko taya ce ta fashe a titi, sai in ƙara damƙe shi har ya ce, "Kai, za ka karya ni!" A ƙarshe dai aka ɗaura auren.

A garin su Baba har gobe ba su san sunana ba, "Malam Sun Zo" suke kirana. Abin da na koya shi ne, idan ana hirar jarumta in ja bakina in tsuke. Kuma duk taron da na hango kaki, kafin in zauna sai na nemi mai gabatarwa na tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, akwai harbi a tsarin?"