Alawar Madarar da Na Kai wa Oga Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga asibiti da faranti a hannu ina murmushi ba, alhali mutumin da na je dubawa an yanke masa ƙafa ban sani ba.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, ina sabuwar ma'aikaciya a wata ma'aikata a Garki, Abuja. Shugaban sashenmu, Alhaji Bashir, dattijo ne Bazazzage. Shi ya riƙe ni kamar 'yarsa a garin da ban san kowa ba, har ɗakin da na kama a Jikwoyi shi ya tsaya mini. Ni kuwa abin da na iya a duniya shi ne alawar madara. In dafa suga har ya yi danƙo, in juye garin madara, in tuƙa, in baza a faranti in yanka. Sau ɗaya na kai masa ya ɗanɗana, ya lumshe ido ya ce, "'Yata, wannan hannun naki Allah Ya yi masa albarka." Shi ke nan kaina ya kumbura. Duk Litinin sai na kai (har ƙara suga nake yi saboda shi, Allah Ya yafe mini).

Alhaji yana da ciwon suga. Ni dai ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Da aka kwantar da shi a Gwagwalada, abin da aka ce a ofis kawai, "Ƙafa ce ke ɗan damun Oga, amma da sauƙi." Ka san mu, ba ma kiran cuta da sunanta. Na yi alawa faranti guda, na hau mota ina riƙe da ita a cinya.

Ɗakin cike yake da 'yan'uwansa. Matarsa, Hajiya Rabi, tana zaune a bakin gado idonta jawur. Mai hankali daga nan zai gane. Ni sai na yaye ledar farantin, na ɗaga murya don in faranta masa rai.

"Baba, ga mutuniyarka! Na san ka yi kewarta, Litinin nawa ba ka samu ba."

A nan idona ya sauka kan bargon, na ga ya kwanta a shafe daga gwiwa zuwa ƙasa.

Hajiya ta dubi farantin, ta dube ni. A hankali ta ce, "Ashe ke ce." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. "Shekara da shekaru ina dafa masa abinci ba suga, ko shayi haka yake sha. Likita yana ce mini ba na kula da shi. Na yi ta kuka ina neman inda na gaza."

Alhaji ya juya fuska bango ya ce, "Rabi, ƙyale yarinyar nan. Ba ta sani ba. A durowa nake ɓoyewa."

Na rasa inda zan ajiye farantin. Na durƙusa da shi a hannu ina cewa "Hajiya ki yafe mini," hawaye na ɗiga a kan alawar. Kunya da baƙin ciki irin na ranar ban sake jin su ba. Hajiya ce ma ta ɗaga ni, ta ce ciwon ya girme ni, ba ni na kawo shi ba. Na san gaskiya ta faɗa, amma har yau ban daina jin akwai hannuna a ciki ba.

Yanzu in dattijo ya yabi girkina, godiya nake yi masa da ladabi, sannan in nemi lambar wayar matarsa.