Minti Huɗu da Hutu Biyu

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Asusun Zuba Jari, mai ofis a hawa na bakwai, wanda har yau Allah bai nufa na gani da idona ba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka, ina fata kun dawo daga hutu lafiya, gajiya ta bi jiki. Ni ne mai gyaran agogon da ke zama da tebur a ƙarƙashin matattakalar wani bene, shekara goma sha tara ke nan. Surukina ne ya kawo ni asusunku, wai duk ranar da na ga dama sai in sayar da kasona in karɓi abina.

Watan jiya maigidan benen ya ce mai hayar shagon da ke kallon teburina ya fita, zai riƙe mini shagon zuwa Litinin in kawo kuɗi. Shago mai ƙofa, ranka ya daɗe, wanda ruwan sama ba ya fesawa. Matata har ta ɗinka masa labule.

Na farko: na miƙa takardar sayarwa ranar Alhamis, ƙarfe biyu saura minti biyu a agogona. Agogon bangonku ya ce biyu da minti biyu. Ma'aikaciyarku mai karɓar takardu ta ce kun rufe karɓa tun ƙarfe biyu, tawa ta faɗa lissafin gobe. Na ce mata agogonku na gudu, ta ce da shi ake aiki. Ni da nake buɗe cikin agogo tun ba a haife ta ba, sai na yi mata godiya.

Na biyu: gobe ta yi, ashe kuɗina suna kasuwar wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, mutanenta kuma suna hutu. Hutun me suke yi? Ma'aikaciyar ba ta sani ba. Don Allah a isar musu da barkata.

Na uku: Asabar da Lahadi ba a magana. Litinin kuma kasuwar hannun jarinmu ce ta tafi nata hutun. Wato asusunku yana hutawa da na can, yana hutawa da na nan. Ina kuka samo irin wannan aiki, ko akwai sauran gurbi?

Na huɗu yabo ne. Na duba takardarku, na ga kuɗin kulawa da kuke cira kullum bai yi fashin ko rana ɗaya ba. Farashi ma bai zauna ba, ya yi ta gangarowa, kuka sayar mini a kan na Talata. Waɗannan biyun su ne haziƙan ma'aikatanku, a ƙara musu girma.

Kuɗina sun iso Juma'a. Shagon kuwa tun safiyar Talata mai sayar da cajar waya ya shiga. Abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba, don kullum shi nake kallo yana share bakin ƙofata.

Ba diyya nake nema ba, wane ni. Alfarma ɗaya ce: ku aiko mini da agogon bangon nan in gyara muku kyauta. Kowace rana aka zo ina nan, ni ba na hutu. Idan ana ruwa, ɗan aike ya ɗaga sabon labulen da ke rataye a matattakala, ina bayansa.

Naka mai biyayya a ranar aiki da ranar hutu,
Mai gyaran agogo