Idanun da Ke Saman Takunkumi

Ba zan taɓa mantawa da idanun nan ba. Su na fara gani ranar da makarantarmu ta turo ni koyon aiki a wani kamfanin gyaran shinkafa da ke bakin hanyar Ribah, nan Zuru. Mai su yana tsaye gaban tukunyar tururi, dogo, a miƙe sak, da hular kwano da takunkumi da tabarau. Idanun kawai ake gani, masu sanyi, irin waɗanda na sha karantawa a littattafan soyayya (kwali biyu nake da su a ƙarƙashin gado). Kafin azahar na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Aikina auna wani farin gari ne, sodiyom salfait, wanda ma'aikata ke kira gishirin tukunya. A ruwan tukunyar ake narka shi, ya janye iskar da ke sa ƙarfe tsatsa. Dokarsa na rubuce a bango: takunkumi, tabarau, safar hannu, kada buhun ya jiƙe, kada a ajiye shi kusa da asid. Na karanta, amma damuwata daban ce. Yaya zai so fuskar da bai taɓa gani ba? Ga ƙarar injin ta hana magana, komai da hannu yake nuna mini.

Rana ta huɗu na rambaɗa kwalli, na shafa jan baki. Da na hango shi tafe, na tura tabarau sama, na sauke takunkumi, na ɗaga murya don ta fi injin:

"Ga fuskar da ta kasa barci saboda kai!"

Daidai lokacin aka ɗauke wuta. Injin ya yi tsit, maganata ta kai har wurin masu dakon buhuna. Ludayin awo ya suɓuce mini, ya faɗa cikin buhu, garin ya tashi ya cika mini ido da hanci. Sai atishawa, sai tari, sai raɗaɗi kamar an watsa mini barkono.

Ya kama hannuna (na yi mafarkin wannan, amma ba haka ba), ya ja ni bakin famfo, ya danna kaina ƙarƙashin ruwa kamar mai wanke akuya.

"Buɗe idon, ɗiyata! Kada ki murza! Makancewa kike so?"

Ɗiyata? Minti goma sha biyar ruwa na zuba, kwalli na gangarowa har wuya. Da na fara gani, ya riga ya cire takunkumi. Furfura fat, haƙoran gaba biyu babu. Baba Ishaya ke nan, tsohon soja, mai jikoki tara.

Manaja ya iso a fusace, ya ce in kwashe kayana, kuma ba zai sa hannu a takardata ba. In babu sa hannun nan, shekarata guda ta karatu ta tafi. Baba ya gyara tsayuwa.

"Oga, ka bar ta. Ni ne ban tsaya na koya mata da baki ba." Ya shafa furfurarsa. "Sannan kyau ya yi mini yawa, ba laifin yarinya ba ne."

Har manajan sai da ya yi dariya. Na gama watannina shida a hannun Baba, yana kirana amarya, yana duba takunkumina kowace safiya.

Yau ni ke koya wa sabbin ma'aikata dokar da ke bango, kuma na gane cewa kafin mace ta yi kasadar idanunta saboda namiji, gara ta bari ta ga sauran fuskarsa.

Baba kuwa ya yi ritaya, ya koma garinsu Manga. Tsufa ya sa idanun nan da na mutu a kansu sun dushe. Da na kai masa gaisuwar Kirsimeti bara, sallamata kawai ya ji, ya juyo da fuska yana murmushi.

"Amaryata! Yanzu dai kina samun barci?"